Maimaicin Kod a Cikin Manhaja: Gano Shi da Rage Shi

Maimaicin kod shi ne a tarar da umarni iri ɗaya, ko masu kama da juna ƙwarai, a wuri fiye da ɗaya cikin manhaja guda. Kod shi ne rubutun da mai haɗa manhaja yake yi da ɗaya daga cikin harsunan kwamfuta, kamar Java ko Python ko C, yana faɗa wa na'ura abin da za ta yi daki-daki. Guntaye biyu ko fiye da suka yi kama haka, a wannan darasi za a riƙa ce musu tagwaye.

Mafi yawan tagwaye daga kwafa da liƙawa suke fitowa. Mai rubutu yana buƙatar wani aiki, ya tuna akwai makamancinsa a wani fayil, sai ya kwafo ya liƙa, ya sauya suna biyu ko uku, aiki ya tashi nan take. Ba kullum lalaci ke sa haka ba. Wani lokaci ranar miƙa aiki ce ta matso. Wani lokaci tsoro ne: tsohon kod yana aiki, wanda ya rubuta shi ya bar wurin, babu mai son ya taɓa shi ya jawo wa kansa magana, sai a kwafe shi gefe a yi gyaran a can. Akwai kuma maimaicin da ba wanda ya kwafi wani. A babbar manhaja mai dubban fayiloli, mutum biyu kan rubuta abu ɗaya ba tare da ɗaya ya san da na ɗayan ba.

Inda illar take

Kwamfuta ba ruwanta da maimaici. Umarni ɗaya ne ko goma, za ta bi su ta ba da amsa daidai. Illar tana jiran ranar da za a yi gyara.

A ɗauki manhajar wani kanti a Najeriya da aka rubuta kafin 2020. A wajen buga rasit akwai layin da ke cewa haraji = farashi * 0.05. Irin wannan layin yana nan a wajen rahoton ƙarshen wata, yana nan a wajen mayar da kayan da mai saye ya dawo da su, yana nan kuma a wajen fitar da takardar ƙiyasin farashi. Ranar 1 ga Fabrairu, 2020, harajin VAT ya tashi daga kashi 5 cikin ɗari zuwa kashi 7.5. Wanda aka ɗora wa gyaran ya samo wurare uku ya mayar da su 0.075, na huɗun ya shige masa. Manhajar ba za ta tsaya ba, ba za ta nuna wani gargaɗi ba. Sai ƙarshen wata lissafi ya ƙi daidaita, kuma sau da yawa mai karɓar kuɗi ake fara yi wa kallon zargi kafin wani ya tuna da manhaja.

Wannan shi ne abin da Andy Hunt da Dave Thomas suka gina ƙa'idarsu a kai cikin littafin The Pragmatic Programmer na 1999, ƙa'idar da aka fi sani da DRY. Abin da take nufi shi ne kowace hujja da manhaja ta dogara da ita ta zauna a wuri ɗaya tak. Adadin haraji hujja ce guda. Idan tana zaune a wurare huɗu, to alkawari huɗu ke nan aka ɗauka cewa duk ranar da ta sauya za a tuna da kowannensu. A 1999 ɗin kuma Martin Fowler ya fitar da littafinsa Refactoring, inda ya sa maimaicin kod a kan gaba cikin jerin alamomin da ke nuna kod yana buƙatar gyaran fasali.

Bincike ya tabbatar da wannan fargaba. A 2004 wasu masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka suka ƙera wata manhaja mai suna CP-Miner suka sake ta cikin kod ɗin Linux da na FreeBSD. Ta gano kurakurai 28 a Linux da 23 a FreeBSD waɗanda kwafa da liƙawa ta haifar. Salon kuskuren ya cancanci a lura da shi: mutum ya kwafo guntu, ya sauya sunan wani ma'aji a wurare huɗu, ya manta da na biyar. Tun da tsohon sunan yana nan da ransa a cikin fayil ɗin, na'urar fassara kod ba ta ga abin ƙorafi. A 2009 Elmar Juergens da abokan aikinsa a Munich ta Jamus suka duba manyan manhajoji da ake aiki da su, suka tarar cewa idan aka gyara ɗaya daga cikin tagwaye aka bar ɗayan ba da gangan ba, kusan ɗaya cikin kowane biyu na irin wannan saɓani kuskure ne na gaske.

Kwafi yana kuma yaɗa ɓaraka zuwa inda mai gyara ba zai iya bi ba. A Maris 2002 aka gano wata ɓarakar tsaro a zlib, wani laburare, wato tarin kod da manhajoji da yawa ke kira, da ake matse fayiloli da shi, aka fitar da gyara a siga ta 1.1.4. Manhajojin da ke kiran laburaren daga wuri ɗaya sun warke da gyara ɗaya. Amma da yawa sun kwafi kod ɗinsa sun cusa cikin nasu, har da Linux kanta, sai aka koma bin su ɗaya bayan ɗaya ana lalube.

Matakan kama

Masu bincike sun saba kasa tagwaye gida huɗu, bisa yadda kamar take raguwa. Na farko su ne waɗanda suke daidai harafi da harafi, in ban da tazara da bayanan gefe. Na biyu tsarinsu ɗaya, sai dai an sauya sunaye ko lambobi: a nan an ce farashi, a can an ce kudi. Na uku an kwafa sannan an ƙara layi, ko an cire, ko an ɗan juya wani. Waɗannan su suka fi yawan ɓoye kuskure, domin sun fara rabuwa kuma ba a san ko rabuwar da niyya ce ba.

Gida na huɗu daban yake. Guntaye biyu ne da ba su yi kama a ido ba ko kaɗan, amma aiki ɗaya suke yi. Wani ya lissafa haraji ta ninka farashi da 0.05, wani ya raba farashi gida 20. Amsa ɗaya, rubutu daban. Mai neman 0.05 cikin fayiloli ba zai taɓa cin karo da na biyun ba.

Yadda ake gano su

Hanya mafi sauƙi ita ce ido. A wuraren da aka tsara aiki da kyau, ba a shigar da sabon kod cikin manhaja sai wani abokin aiki ya karanta, kuma wanda ya daɗe a aikin yakan ce, "Ai akwai wannan a fayil kaza." Sai kuma neman kalma: kafin a gyara wani lissafi, a bincika duk fayiloli a ga ko lambar ko sunan ya bayyana a wani wuri. Wannan ya isa ga ƙaramin aiki. Idan layuka suka kai dubu ɗari, dole na'ura ta shigo.

Na'urorin farko layi da layi suke kwatantawa, don haka sauya suna ɗaya ya isa ya ɓatar da su. A farkon shekarun 1990 Brenda Baker ta Bell Labs ta ƙera wata mai suna dup wadda ke iya gane guntaye biyu ko da an bi sunayen an sauya su ɗaya bayan ɗaya. A 2002 Toshihiro Kamiya da abokansa a Osaka ta Japan suka fito da CCFinder, wadda ta yi suna a wannan fanni. Dabarar da irin waɗannan na'urori ke bi ita ce su fara daddatsa kod zuwa gaɓoɓi: kowane suna gaɓa ce, kowace alama gaɓa ce, kowace lamba gaɓa ce. Sai a shafe bambancin sunaye, kowane suna ya koma alama ɗaya, kowace lamba ma haka. Layin haraji = farashi * 0.05 da layin ragi = jimla * 0.1 duk sai su zama: suna, daidai da, suna, ninki, lamba. Daga nan aikin ya koma neman dogayen jerin gaɓoɓi da suka bayyana fiye da sau ɗaya.

Kwatanta kowane jeri da kowane jeri zai ci lokaci mai yawa. Shi ya sa da yawa daga cikin na'urorin, irin su CPD da ke cikin PMD da kuma jscpd, suke amfani da dabarar da Richard Karp da Michael Rabin suka wallafa a 1987. Ana ɗaukar gaɓoɓi, a ce 100 a jere, a lissafa musu lamba guda da ke zama tambarinsu. Sai a gusa gaba da gaɓa ɗaya a sake lissafi, kuma ba daga farko ake sakewa ba, ana cire rabon gaɓar da ta fita ne a ƙara na wadda ta shigo. Wuraren da tambarinsu ya zo ɗaya kaɗai ake komawa a duba da kyau.

Akwai wata hanyar da Ira Baxter da abokan aikinsa suka bayyana a 1998. Maimakon jerin gaɓoɓi, ana mayar da kod bishiya mai rassa bisa ginin jimlolinsa, sannan a nemi rassan da suka yi kama. Ta fi tsada wajen lissafi, kuma sai an yi wa kowane harshe tasa, amma tagwayen da take fitarwa cikakkun guntaye ne da ake iya cirewa, ba jerin da ya fara daga tsakiyar wani aiki ya ƙare a tsakiyar wani ba.

Gida na huɗu kuwa babu na'urar da za ta kama shi gaba ɗaya, kuma ba gazawar masu ƙira ba ce. Tun 1953 Henry Rice ya wallafa hujjar lissafi da ke nuna babu wata dabara da za ta iya yanke hukunci a kowane hali kan abin da manhaja take aikatawa. Abin da ke taimakawa a nan shi ne tarihin aikin. Idan ana adana kod da Git, ana iya duba waɗanne fayiloli ne kullum ake gyara su tare. Fayil biyu da ba su da alaƙa a fili amma ba a taɓa ɗaya sai an taɓa ɗayan, akwai alamar hujja ɗaya suke ɗauke da ita.

Kowace na'ura tana da ma'aunin da ake saita mata. A SonarQube, alal misali, kod ɗin Java yana zama maimaici idan jimlolin umarni 10 suka zo iri ɗaya a jere, a yawancin sauran harsuna kuwa sai gaɓoɓi 100 da suka mamaye aƙalla layi 10. Idan aka rage ma'aunin, rahoto ya cika da tarkace har a daina karanta shi. Idan aka ɗaga shi da yawa, ƙananan tagwaye su sulale. Layin haraji na kantin nan, da yake gajere ne, babu ma'aunin da zai kama shi, alhali shi ne mai haɗarin.

Rahoton kansa sai an tace. Jerin laburaren da ake kira a saman kowane fayil dole ya yi kama, kod ɗin da wata na'ura ta haifar ma haka, kuma ba mai gyara shi da hannu. Kayan aro da aka ajiye cikin aikin su ma suna kumbura lissafi. A 2017 Cristina Lopes da abokan bincikenta suka duba fayiloli miliyan 428 a ayyuka miliyan 4.5 da ke GitHub, suka tarar miliyan 85 ne kawai ba kwafin wani ba. A JavaScript kashi 6 cikin ɗari ne kaɗai na musamman, kuma babban dalili shi ne mutane suna loda laburaren da suka sauko da su daga rumbun npm tare da nasu kod ɗin. Irin waɗannan ana ware su tun kafin a kunna na'ura.

Yadda ake ragewa

Gyaran fasali shi ne sauya tsarin kod ba tare da sauya abin da yake yi ba, kuma ba a fara shi sai da gwaji a ƙasa. Gwaji ɗan kod ne da ke ba manhaja tambayar da aka san amsarta: kayan naira 1,000, haraji ya zama naira 75. Ana gudanar da shi kafin gyara da bayan kowane mataki. Inda babu shi, shi ake fara rubutawa.

Mataki na gaba, wanda aka fi tsallakewa, shi ne a jera tagwayen gefe da gefe a karanta bambancinsu layi-layi. Kowane bambanci ɗayan biyu ne: ko kuskure ne da aka gyara a wani kwafi aka manta a wani, ko kuwa da gangan aka yi shi. Idan wajen mayar da kaya yana zagaye kuɗi zuwa naira cikakkiya, wajen rasit kuma yana barin kwabo, sai an tambayi mai kantin ko akawunsa wanne ne daidai. Kod ba zai ba da wannan amsar ba.

Bayan haka sai a haɗe. Lambar da ke yawo a ba ta suna a ajiye ta wuri ɗaya, lissafin kuma a mayar da shi fankshin, wato guntun kod mai suna da ake kira daga ko'ina:

KASON_VAT = 0.075

def lissafa_haraji(farashi):
    return farashi * KASON_VAT

Wuraren nan huɗu kowanne ya koma kiran lissafa_haraji. Ana sauya su ɗaya-ɗaya, ana gwaji a tsakani, don idan abu ya karye a san wane mataki ne ya karya shi. Idan tagwayen sun bambanta a ƙima ɗaya kawai, ƙimar ce ake miƙa wa fankshin daga waje. A harsunan da ke da aji da gado, aikin da azuzuwa biyu suke maimaitawa ana ɗaga shi zuwa ajin da suka gada. Dogon jerin "idan kaza, yi kaza" mai siffa ɗaya sau da yawa yakan koma tebur na bayanai da madauki guda mai bin sa. Abin da manhajoji daban-daban na ma'aikata ɗaya suke buƙata kuma ana fitar da shi laburare.

Mafi wuyar sha'ani shi ne maimaicin da ya ratsa harsuna. Ƙa'idar cewa lambar waya a Najeriya tana da lambobi 11 kuma da sifiri take farawa tana iya kasancewa a shafin intanet da JavaScript, a uwar garke da Python, a rumbun bayanai kuma a matsayin iyakar tsawon gurbi. Ranar da kasuwanci ya ƙetara Nijar, inda lambobin 8 ne, duka ukun sai sun sauya. Fankshin ɗaya ba zai yi musu aiki ba. Abin da ake yi shi ne a rubuta ƙa'idar a fayil guda da kowane ɓangare yake karantawa, ko a riƙa haifar da kod ɗin kowane harshe daga gare shi.

Inda ake barin tagwaye

Kama da wane ba wane ba ne. A koma kantin nan kafin 2020, a ce yana yi wa tsofaffin abokan ciniki ragin kashi 5 cikin ɗari. Lissafin ragi da na haraji sun zama iri ɗaya harafi da harafi. Wani mai son tsafta ya haɗe su a fankshin guda. Da Fabrairu 2020 ta zo aka mayar da lambar 0.075, ragin ma ya tashi tare da harajin, kanti ya shiga asarar da ba wanda ya yanke shawararta. Harajin gwamnati ce ke sauya shi, ragin mai kanti ne, kamar da suka yi dace ce kawai. Tambayar da ake yi kafin haɗe kowane tagwaye ita ce: idan ɗaya ya sauya, dole ne ɗayan ya sauya, kuma saboda dalili ɗaya? Na'ura ba ta da amsar wannan.

Haɗewar da aka yi cikin gaggawa tana da yadda take lalacewa. Sabuwar buƙata ta zo wadda ta ɗan saba, sai a ƙara wa fankshin wani makunni. Wata ta zo, a ƙara wani. Bayan shekara biyu ga fankshin mai makunni shida da kowa ke kira kuma kowa ke tsoron taɓawa. Sandi Metz, wadda ta yi fice a harshen Ruby, ta ja hankali a kan haka a 2014 da 2016: maimaici ya fi araha a kan haɗewar da ba ta dace ba. Shawararta ga wanda ya gaji irin wannan fankshin ita ce ya warware shi, ya mayar da kod ɗin wurin kowane mai kira, ya goge abin da wurin ba ya buƙata, sannan ya sake duba abin da ya rage. Littafin Fowler ma ya kawo wata ƙa'ida daga Don Roberts, wadda ke cewa a haƙura da kwafi na biyu, sai a karo na uku a haɗe. Hikimarta ita ce misali uku sun fi biyu nuna abin da yake tsayayye da abin da yake sauyawa.

A 2006 Cory Kapser da Michael Godfrey na Jami'ar Waterloo ta Kanada suka nuna cewa wasu kwafe-kwafen shawara ce mai kyau. Mai rubuta direban sabuwar na'ura yakan kwafi na tsohuwa ya gyara, domin taɓa tsohon zai jefa na'urorin da ke hannun jama'a cikin haɗari, ga shi kuma ba lallai yana da su a gabansa ya gwada ba. Kod ɗin gwaji shi ma ana sassauta masa, domin an fi son kowane gwaji a karanta shi a fahimta ba tare da leƙa wani fayil ba.

Gudun kwafi ta hanyar jingina da laburaren wani shi ma yana da nasa farashin. A Maris 2016 marubucin wani ɗan laburare mai suna left-pad, layi 11 kacal, ya janye shi daga npm, dubban ayyuka suka kasa haɗuwa, har da manya irin su Babel. Rob Pike, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri harshen Go, ya riga ya faɗa a wata lacca a 2015 cewa ɗan kwafi ya fi ɗan dogaro. Wannan bai soke darasin zlib ba. Layi goma masu sauƙi ana iya kwafarsu a riƙe su. Dubban layuka masu sarƙaƙiya da suka shafi tsaro kuwa a bar su wuri ɗaya da masu kula da su, abin da ya sa kundin ƙa'idojin Debian, wani nau'in Linux, yake hana cusa kwafin laburare cikin wata manhaja.

A tsohuwar manhaja mai tagwaye ɗaruruwa, ba a tsayar da aiki a ce sai an share su duka. Ana farawa da waɗanda ke cikin fayilolin da aka fi yawan gyarawa da waɗanda suka shafi kuɗi ko tsaro. Tagwayen da ke kwance shekara biyar ba wanda ya taɓa su ba su da gaggawa. Sannan a tare ƙofa: SonarQube, a saitinsa na asali, yana ƙin amincewa da sabon kod idan maimaicinsa ya wuce kashi 3 cikin ɗari, bai kuma ɗora wa mai sabon aiki laifin tsohon ba. Sai dai idan shugabanni suka mayar da wannan lamba abin auna ma'aikata, wasu kan koyi juya layuka don su ɓace wa na'ura, tagwayen gida na biyu su koma na uku, lamba ta yi kyau, matsala ta ƙara nisa. Kwafin da aka yanke shawarar bari kuwa ana rubuta bayani a gefen kowanne, a faɗi inda ɗan'uwansa yake da dalilin da ya sa ba a haɗe su ba, a kuma sanar da na'urar bincike ta daina kawo su cikin rahoto.